Ina masu abincin kewayen Harami suka tafi?

Tambayar ta fito ne daga wata Hajiya da ta sauke farali a farkon shekarun 1990, ba ta sake taka Makka ba sai bana da ta je umara. Ta ce a wancan zuwan, daga masaukinsu zuwa Harami tafiyar 'yan mintoci ce, kuma duk lungun da aka bi akwai mai burodi, mai ful (dafaffen wake), mai shayi, har da 'yan uwanmu mata masu tuwo da miyar kuka. A wannan karon dogayen benaye ta tarar da fili shimfiɗe da marmara, abinci kuma sai an shiga kanti an hau sama. Tana so ta sani: benayen ne suka kori mutanen nan, ko tsufa ne ya sa take kewar da? Kuma da irin yawan alhazan yanzu, akwai wata hanyar da za a bi ban da wannan?

Hajiya, Allah ya karɓi ibada, ya sa a maimaita. Abin da idonki ya gani gaskiya ne. Unguwannin da kika sani an rushe su, kuma abin da aka gina a gurbinsu ba a tsara shi yadda mai dafa abincin talaka zai samu wurin zama ba. Sai dai ni da aikina tsara birane ne, zan ɗan gyara tambayar. Tsawon bene shi kaɗai ba ya kashe titi. Abin da ke kashe shi yana ƙasa, daidai inda ƙafa take takawa: gida nawa aka haɗe suka zama fili ɗaya, ƙofa nawa ke buɗewa kan hanya, mutum nawa ke da ikon ba da haya, kuma su wa ke kwana a unguwar idan baƙi sun watse.

Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Faɗaɗa masallacin daban, gina otal-otal da kantuna a gefensa daban. Na farkon ba makawa ne. A farkon shekarun 1950 alhazan da ke zuwa daga ƙasashen waje ba su kai 200,000 ba, a 2012 kuwa waɗanda suka yi aikin Hajji sun haura miliyan 3. Najeriya kaɗai kujera 95,000 aka ware mata a 2023, kuma Saudiyya ta ɗaura wa kanta burin karɓar masu umara miliyan 30 a shekara nan da 2030. Ba yadda za a yi wannan jama'a ta shiga masallacin da Turkawa suka bari. Cin kasuwa da faɗaɗawar ke yi ma ba yau ya fara ba. Kafin aikin da aka soma a 1955 zamanin Sarki Sa'ud, tsakanin Safa da Marwa titin gari ne, shaguna hagu da dama, mai sa'ayi yana ratsa masu ciniki. Faɗaɗawar Sarki Fahad da aka aza harsashinta a 1988 ta hau kan ƙaramar kasuwar da ke yamma da masallacin. Daga 2008 aka shiga rushe unguwar Shamiyya da ke arewa da masallacin don faɗaɗawar Sarki Abdullahi. Mazauna sun ji jiki, amma filin salla da ɗawafi aka samu, kuma ba ni da ja a kan wannan.

Na biyun kuwa kasuwanci ne, ko da an yi shi da niyyar saukar baƙin Allah. Benen agogon nan da ake hangowa tun kafin a shiga gari yana zaune ne inda Dutsen Bulbul yake a da, tare da tsohon sansanin tsaro na Ajyad da aka gina a kansa zamanin Usmaniyya, a ƙarshen ƙarni na 18. An rushe sansanin a farkon 2002, har gwamnatin Turkiyya ta yi ƙorafi, aka fasa dutsen, aka tayar da benaye bakwai da ake kira Abrajul Bait. Mafi tsawonsu mita 601 ne, an kammala shi a 2012. A cikinsu akwai Fairmont da Raffles da Swissôtel da Pullman da Mövenpick, a gindinsu kuma katafaren kanti mai hawa-hawa. Ta yamma ga Jabal Umar, wanda a zamaninki gidaje ne rututu a jikin dutse, wani bisa wani, ana hawa da matakala. Kamfanin da aka kafa a 2007 ya haɗe fili kusan murabba'in mita 230,000 ya mai da shi rukunin manyan otal, su Conrad da Hyatt da Marriott. Wanda ya share musu hanya shi ne kamfanin gine-gine na Makka da aka kafa a 1989, mai ginin nan da alhazai suka daɗe suna kira Hilton. Mai yiwuwa a zuwanki na farko kin tarar ana aikinsa, ko an gama shi sabo fil.

Ki tuna lungun masaukinku. Gidajen fuskarsu ƙarama ce, kuma kusan kowanne ya fasa shago ɗaya ko biyu a ƙasa. A 'yar tafiya kaɗan za ki wuce ƙofofi birjik, kowace da mai ita, kowace da ƙamshinta. Jan Gehl, masanin birane ɗan ƙasar Danmak, ya sa wa wannan ma'auni: titi mai rai yana da ƙofa 15 zuwa 20 a kowace mita 100, matacce kuwa daga babu sai ɗaya ko biyu. Idan aka haɗe gida ɗari suka zama gini guda, mai zanen yana da nasa buƙatun a hawan ƙasa. Sai ya fitar da babbar ƙofar otal, da wurin da motoci za su sauke baƙi, da gangaren shiga gareji, da ƙofar shigo da kaya da fitar da shara, da ɗakin taransifoma, da mafitar gobara. Kafin a gama wannan rabo, abin da ya rage wa titi bango ne mai sheƙi. Shagunan suna nan, amma sun juya wa hanya baya, ƙofofinsu na kallon farfajiyar cikin kanti inda sanyin na'ura yake. Mai wucewa a waje ba ya jin ƙamshin burodi, ba ya ganin tukunya, babu abin da zai sa ya ja birki. Inda mutane ba sa tsayawa kuwa mai talla ba ya tsayawa, mai shayi ba ya ajiye benci, tsofaffi ba sa samun wurin hutawa a yi gaisuwa.

Uwa uba haya. Masu harkar gidan abinci suna da ƙiyasin da suke bi kusan ko'ina: idan haya ta wuce kamar kashi 10 cikin 100 na cinikinka, mai gida kake yi wa bauta. Mai ful da tamis, wato burodin tanderu, ribarsa a kan kowane kwano 'yar mitsitsiya ce. Abin da ke riƙe shi tsohon gini ne, wanda mai shi ya daɗe da mayar da kuɗinsa, yana iya karɓar haya mai sauƙi bai yi asara ba. Tun 1961 marubuciya Jane Jacobs ta jawo hankalin masu tsara biranen Amurka kan wannan, cewa ƙananan sana'o'i a tsofaffin gine-gine suke rayuwa. Sabon bene ba shi da wannan sararin. An sayi fili da ke cikin mafi tsada a duniya, an fasa dutse, an ci bashin banki, masu hannun jari na jiran rabo. Kowane taku na ginin dole ya biya kasonsa. Mu ƙaddara, don misali kawai, hayar shago riyal miliyan ɗaya ce a shekara. Sai an yi cinikin miliyan goma kafin lissafi ya tashi. Mai kwanon riyal biyar sai ya sayar da kwano miliyan biyu, wato sama da 5,000 kullum, daga Muharram har Zulhajji, ba ranar hutu. Mai zinare ko agogo ko turaren ud ciniki kaɗan ya wadatar da shi. Shi ya sa a hawan ƙasa kika ga gwal da turare da dabino cikin kwali, abinci kuma aka tura shi sama.

A ce ma mai tuwon ta samo kuɗin hayar, ginin kansa ba zai karɓe ta ba. Girki a gindin bene mai hawa arba'in wani aiki ne daban. Hayaƙi sai an ja shi ta bututun ƙarfe har waje. Maiƙon da ke bin ruwan wanke-wanke sai an tare shi kafin ya toshe magudana. Sai an ɗaura na'urar kashe wuta a saman murhu, gawayi da tukunyar gas ta hannu kuwa masu kula da gini ba sa son ganinsu ko kusa. Shagon da zai samu bututun hayaƙi tun a takardar zane ake zaɓarsa, shekaru kafin a buɗe ginin, kuma wanda ba a yi wa ba da wuya ya taɓa zama wurin girki. To mai tsire da garwashinsa fa, da mai tanderun tamis da ke manna ƙullu a jikin bango mai zafi, da mai mandi da ke rufe nama cikin rami? Duk sana'arsu wuta ce a fili. An cire su daga lissafi tun kafin a haƙa harsashi, ba tare da kowa ya zauna ya ce a kore su ba.

Sannan ki dubi wanda ke ba da hayar. A tsohuwar unguwa masu gida ɗari ne. Wannan ya ƙi ka, wancan ya karɓe ka. Wani dattijo zai bar ka shekara da shekaru bai ƙara maka ko riyal ba saboda ya san mahaifinka, wani zai yi maka haƙuri har bayan Hajji. A sabon gini ofishi ɗaya ne ke raba shago ɗari, kuma abin da yake nema kamfani ne mai rajista, mai rassa, mai takardar lamuni, wanda zai sa hannu a yarjejeniyar shekaru ya kuma gyara shagon da kuɗinsa. Bankin da ya ba da bashin ginin ma irin wannan ɗan hayar yake son gani a takarda. Saboda haka sunayen da ke kantunan nan su ne za ki gani a Jidda da Dubai da Landan, su KFC da McDonald's da Starbucks, sai na gida masu ƙarfi irin Al Baik da Al Tazaj. Ba raina su nake ba. Al Baik ya ciyar da talaka da yawa a farashi mai sauƙi, layin da ake yi a ƙofarsa ya isa shaida. Amma soyayyar kaza ɗaya ce ga Bahaushe da Baturke da ɗan Indunusiya, alhali a da kowace al'umma tana da lungunta.

Kuma a lungun nan ba ciki kaɗai ake cikawa ba. Kin fi ni sani, Hajiya, wurin mai tuwo shi ne ofishin cigiya. Tsohon da ya fita ta wata ƙofa ya rasa hanyar masauki, da ya ji Hausa a bakin tukunya hankalinsa ya kwanta, aka haɗa shi da yaro ya raka shi. A nan ake jin wane ya iso, wane yana asibiti, jirgin jiha kaza yaushe zai tashi. A nan ake ba da sallahu, ake samun mai raka mutum kasuwa ya yi masa tafinta, mai ciwon suga ya ce a yi masa tuwon dawa, wadda zazzaɓi ya kayar a dama mata kunu. Ba wanda ya biya kuɗin wannan hidima, ba kuma a rubuta ta a tsarin kowane gini ba, don haka da aka rushe lungun babu wanda ya lissafa ta cikin asara. Ni a ganina ita ce asara mafi girma, domin ta fi faɗa wa tsofaffi da waɗanda ba su taɓa barin ƙauyensu ba sai wannan tafiya.

An biya diyya, wannan gaskiya ne, wasu masu gidajen ma hannun jari aka ba su a kamfanin, kamar yadda aka yi a Jabal Umar. Sai dai diyya mai takardar mallaka take bi. A lokacin rusau ɗin dokar ƙasar ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar gida a Makka da Madina, don haka ɗan Yaman mai ful, da ɗan Afganistan mai tanderu, da ɗan Pakistan mai biryani, da Bahaushiya mai tuwo, akasarinsu 'yan haya ne, wasu ma haya a kan haya. Ranar da aka sa wa gida lambar rusau, mai gida ya nufi ofishin diyya, mai shago ya nufi neman motar kwashe kaya. Jarinsa na gaske, wato jama'ar da suka san ƙofarsa, ba a auna shi da igiyar awo.

'Yan uwanmu da ke can ba baƙin jiya ba ne. Tun zamanin tafiyar ƙafa ta Chadi da Sudan, a tsallake Bahar Maliya daga Sawakin, Hausawa da Fulani da Barebari suke zama a Makka, kuma ƙaurar da ta biyo bayan faɗuwar Sakkwato a 1903 ta ƙara musu yawa. Jikokinsu da dama 'yan ƙasa ne yanzu, wasu kuma har gobe da igama, wato takardar izinin zama, suke zaune, wasu ma babu. Tsire ya shiga cikin abincin Makkawa ta hannunsu. Unguwannin da suka yi kaka-gida, irin su Shara Mansur da Hindawiyya da Ɗandabawi, suna yamma da Harami, kuma ta nan wani babban aikin gini mai suna Masar (ba ƙasar Masar ba) ya ratsa: faffaɗan titin Sarki Abdul'aziz mai tsawon kilomita 3.65, daga bakin gari har gindin Jabal Umar, wanda aka rushe dubban gidaje kafin a shimfiɗa shi. Wato bayan an ture masu abincin daga bakin Harami, rusau ya sake bin wasunsu har inda suke kwana da inda suke girkin.

Akwai kuma wani abu da ba a gani da ido. A da Makkawa a kewayen Harami suke zaune. Lokacin Hajji iyali su matsa saman soro ko gidan dangi su ba alhazai hayar ɗakunansu, da an watse su dawo. Su ne masu sayen ful da safe a watan Safar da Rabi'u, yaransu ne ke tsayawa wurin mai burodi a hanyar makaranta. Mai shago yana samun riba a Ramadan da Zulhajji, amma maƙwabta ne ke riƙe shi sauran watanni, kuma saboda su ba ya iya ha'inci, don gobe ma su zai gani. Yanzu mazaunan sun koma Aziziyya da Awali da Shara'i da sauran bayan gari. Unguwar otal zalla baƙonta na mako ɗaya ne ko biyu, mai yiwuwa ba zai dawo ba sai bayan shekaru. Baƙon da bai san kowa ba kuwa sunan da ya taɓa gani yake amincewa da shi. Ko da haya ta yi sauƙi, wannan kaɗai ya isa ya ba manyan kamfanoni galaba a kan mai ƙaramin shago.

Shekarun ginin ma sun ci nasu rabon. Jabal Umar ya haura shekara goma sha biyar ana aiki rukuni-rukuni. Shingen kwano, ƙura, manyan motoci, hanyar da aka toshe yau aka buɗe wata gobe: shagon da rusau bai taɓa ba ma, idan aka karkatar da masu tafiya daga ƙofarsa na Hajji biyu a jere, ya mutu.

Hujjata cewa ba tsawo ne matsalar ba tana nan cikin Makka, gani ya kori ji. Ki bi titin Ibrahimul Khalil ki gangara kudu cikin Misfala bayan sallar isha'i. Benaye ne hagu da dama, da yawansu sun haura hawa goma, amma titin cike yake maƙil har tsakar dare. Ga ɗan Bangaladash yana juya paratha a kan faranti mai zafi, ga mai shawarma yana yanka, ga mai shayi yana zuba madara a kofin takarda, ga masu sayar da darduma da carbi da akwatuna sun fito da kaya har bakin hanya. Dalili shi ne kowane bene a kan ƙaramin filinsa yake, da mai shi daban, kuma hawan ƙasa an yanka shi ƙananan shaguna masu kallon titi. Haka abin yake a Mong Kok ta Hong Kong, inda cunkoson benaye ya kai matuƙa amma gidajen shayi da na taliya suna jere a ƙasa. Mutane da yawa a sama kasuwa ce ga na ƙasa, muddin an bar musu ƙofar da za su haɗu.

Wasu abubuwa biyu sun ƙara rage wa titi jama'a. Da masaukai masu sauƙi suka matsa nesa, zuwa Kudai da Aziziyya da makamantansu, alhaji ya koma hawa bas, ta bi da shi ta ramin dutse ta sauke shi a tasha kusa da Harami, ya idar ya sake hawa. Wanda ke cikin bas ba ya wuce ƙofar kowa. Na biyu, a 'yan shekarun nan ciyarwa ta shiga cikin kuɗin kujera, kamfanonin girki ke kawo abinci masauki cikin mazubi, na manyan otal kuma a ɗakin cin abincin otal suke ci. Tsarin yana da amfaninsa, musamman ga wanda guzurinsa ya ƙare, amma kowane mazubi ciniki ne da ya bar hannun mai tukunya a lungu.

Kada a ɗauka ina cewa da komai lafiya lau yake. A ranar 5 ga Janairun 2006, ana gab da fara aikin Hajji, wani tsohon masauki ya rufta a unguwar Gazza kusa da Harami, mutum 76 suka rasu. Lungunan da muke kewa motar kashe gobara ba ta iya shiga wasunsu, ana cusa mutum goma a ɗakin mutum huɗu, abincin da ya wuni a rana kuma ya kwantar da alhazai da yawa. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, fiye da mutum 1,300 suka rasu. Wanda ya san wannan ba zai raina inuwa da sanyin na'ura da lif da banɗaki mai tsabta ba. Dattijuwar da ake turawa a keke, idan ta sauko daga ɗakinta ta samu kanta a filin Harami, ni'ima ce babba. Damuwata ita ce wannan ni'ima an yi mata farashin da sai mai hali, mara hali kuma, wanda sau da yawa shi ne ya fi tsufa da rauni, aka tura shi bayan dutse shi da abincinsa.

Ko akwai wata hanya? Akwai, kuma an gwada ta. Singafo ta rushe tsofaffin unguwanninta ta gina benaye fiye da yawancin biranen duniya, ta kuma kwashe masu abinci daga kan titi kaf. Amma kafin ta kwashe su sai da ta yi musu rajista a ƙarshen shekarun 1960, sannan daga 1971 zuwa 1986 ta gina musu cibiyoyin abinci a tsakiyar unguwanni da cikin gari, da ruwan famfo da magudana da wuta da hanyar hayaƙi, kowa da 'yar rumfarsa, hayar kuma a hannun hukuma take. Cibiyoyin sun haura ɗari a yau, ma'aikacin banki da lebura a teburi ɗaya suke ci, kuma a 2020 UNESCO ta sa wannan al'ada cikin gadon duniya. An samu tsabtar da ake nema, mai girkin kuma bai rasa sana'arsa ba. A New York, bayan dokar 1961 ta ba magina damar ƙara hawa idan suka bar fili a gaban bene, sai aka wayi gari da filaye fayau ba kowa. Wani masanin birane, William Whyte, ya kafa kyamara yana kallon inda mutane ke zama da inda suke gudu, ya gano wurin zama da mai sayar da abinci su ne ke tara jama'a, aka gyara dokar a 1975. A 2012 ma birnin ya taƙaita faɗin fuskar banki zuwa ƙafa 25 a wasu titunan unguwar Upper West Side, don kada manyan 'yan haya su haɗiye ƙananan shaguna.

Duk waɗannan ƙa'idoji ne da ake rubutawa kafin a ba da izinin gini, kuma ba sa rage wa bene ko hawa ɗaya. A ce kowace mita kaza sai an buɗe ƙofa kan titi. A ce kashi kaza na hawan ƙasa ƙananan shaguna ne masu bututun hayaƙi. A ce ɗan hayar da aka tasa yana da haƙƙin dawowa a farashin da zai iya. A ware zauren abinci mai rumfuna a kowace babbar hanyar da masu tafiya ke bi zuwa Harami, a ba masu girkin kowace ƙasa lasisi a ciki, jami'an lafiya su riƙa dubawa, maimakon a bar mata suna sayarwa a ɓoye, ido ɗaya a kan kula ɗaya a kan motar hukumar gari. Makka ma ta fi kowane gari dalilin yin haka, tunda Abrajul Bait kansa waƙafi ne na Sarki Abdul'aziz don hidimar masallatan Makka da Madina, kuma ciyar da alhaji da shayar da shi aiki ne da Makkawa suke alfahari da shi tun kafin Musulunci. Zauren da zai ciyar da dubban masu ƙaramin guzuri bai kai ko hawa ɗaya na kantin da ke gindin agogon ba.

Ginin bai ƙare ba. A Oktoban 2025 an sanar da wani sabon aiki mai suna Ƙofar Sarki Salman a gefen Harami, wanda aka ce zai samar da wurin salla ga mutum kusan 900,000 tare da masaukai da shaguna. Ko mai ƙaramar tukunya zai samu gurbi a ciki, a kan takardar zane za a yanke wannan, kuma hukumomin alhazai na ƙasashe masu yawan talakawa, irin tamu da Nijar da Pakistan da Bangaladash, suna da bakin da za su roƙa a lokacin da suke zaman yarjejeniyar Hajji kowace shekara.

Ke kuma Hajiya, idan Allah ya sake kira, kafin ki biya ki tambayi ejan abu biyu: daga masaukin da ƙafa ake zuwa Harami ko da bas, kuma abinci yana cikin kuɗin ko babu. Idan ƙafarki na iya tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin, masaukin Misfala zai fi miki daɗin zama a kan wanda ya fi shi kyau amma yana bayan rami. Masu tuwon ba su ƙare ba, sun shige lungunan bayan titi ne, kuma duk Bahaushiyar da kika gani tana talla a hanya za ta nuna miki. Ki sayi wanda aka sauke yanzu yana tururi, ki bar wanda ya jima a leda.